Josué de Castro: Likitan da ya kira yunwa da sunanta

A farkon shekarun 1930, masu wata babbar masana'anta a birnin Recife da ke arewa maso gabashin ƙasar Birazil suka ɗauki wani matashin likita aiki, suka ɗora masa nauyin gano abin da ke sa ma'aikatansu kasala da yawan fashin aiki. Likitan ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai sami wata cuta da littattafan likitanci suka ba wa suna ba. Abin da ya tarar shi ne mutane masu yini a bakin inji alhali cikinsu kusan wayam. Sai ya shaida wa masu masana'antar cewa ciwon ma'aikatansu yunwa ce, maganinta kuwa yana cikin albashi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganar ba ta yi musu daɗi ba, aka buƙaci ya ajiye aikin.

Wannan likita shi ne Josué Apolônio de Castro. Daga wannan rana har zuwa rasuwarsa a 1973, bai bar wannan magana ɗaya ba: yunwar da ke cin talakawa aikin hannun ɗan Adam ce, tana da dalilai da za a iya bincikawa, tana da wuraren zama da za a iya nunawa a taswira, kuma ana iya kawar da ita. Maganar ta kai shi shugabancin majalisar gudanarwar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Ita ce kuma ta sa ya mutu a ƙasar baƙi, an hana shi komawa gida.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi ranar 5 ga Satumba, 1908, a Recife, babban birnin Jihar Pernambuco. Dangin mahaifinsa mutanen Sertão ne, wato busasshen yankin cikin ƙasa na arewa maso gabas, kuma suna cikin waɗanda babban farin 1877 ya koro zuwa bakin teku. Wannan fari ya ɗauki shekara uku, ya halaka dubban ɗaruruwan mutane. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce. Iyayen sun rabu tun yana ɗan shekara huɗu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa cikin ƙaramin hali. Saboda haka labarin fari da ƙaura ya fara jin sa ne a gida, daga bakin mahaifinsa, tun kafin ya karanta shi a littafi.

Recife birni ne da koguna biyu, Capibaribe da Beberibe, suka ratsa kafin su faɗa teku. A gefensu akwai fadamun laka da ruwan gishiri ke malalewa, inda wasu itatuwa masu doguwar saiwa ke tsirowa. A cikin wannan laka talakawan birnin suka kafa bukkokinsu na jinka da yaɓe, domin nan ne kawai filin da ba wanda ya ce nasa ne. Yawancinsu waɗanda fari ya koro ne daga Sertão, ko waɗanda gandayen rake suka raba da gonakinsu. Abincinsu ƙaguwa ce da suke tonowa daga lakar.

Josué ya tashi dab da waɗannan bukkoki, ya yi wasa da 'ya'yansu. Daga baya ya riƙa bayyana cewa a nan ya fara sanin yunwa, tun kafin ya shiga wata jami'a. Abin da ya gani ya zauna masa a zuciya har ya rubuta shi a wani gajeren labari a shekarun 1930: mutum yana cin ƙaguwa, ƙaguwa tana cin laka, lakar kuwa da ƙazantar mutum da gawarsa take ƙiba, haka abin ke zagayawa daga kaka zuwa jika ba tare da mafita ba.

Karatu da binciken farko

Ya fara karatun likitanci a Bahia, ya kammala a Rio de Janeiro a 1929 yana da shekara 21. Ya ɗan zagaya Meziko da Amurka don ƙaro sani, sannan ya koma Recife ya buɗe asibitinsa, ya ƙware a kan cututtukan da suka shafi abinci. Masu hali na zuwa wurinsa don rage ƙiba, a daidai lokacin da yake ganin ma'aikatan masana'anta suna ramewa. Wannan bambanci ne ya juya akalarsa daga duba mutum ɗaya zuwa duba al'umma.

A 1932 ya jagoranci wani bincike a kan yanayin rayuwar ma'aikatan Recife. Aka shiga gidaje 500 a unguwannin ma'aikata, ana tambayar abin da magidanci yake samu, da abin da yake kashewa, da abin da ake ɗorawa a murhu. Ba a taɓa yin irin wannan bincike a Birazil ba. Sakamakon ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da iyali ke samu a abinci yake tafiya, duk da haka abincin bai wuce garin rogo da wake da busasshen nama mai gishiri da kofi da sukari da ɗan burodi ba. Madara da ganye da 'ya'yan itatuwa kusan babu su a yawancin gidajen. Ƙarfin da wannan abinci ke ba jiki bai kai kalori 1,700 a rana ba, ga mutanen da ke aikin ƙarfi daga safe zuwa yamma.

Muhimmancin binciken shi ne ya haɗa abubuwa biyu da aka saba rabawa: lissafin albashi da lissafin tukunya. Aka kwaikwayi irinsa a wasu biranen ƙasar, kuma ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da aka dogara da su a muhawarar albashi mafi ƙanƙanta. Wata doka ta 1938 ta fayyace nau'o'in abinci da adadin da ya wajaba albashin ma'aikaci ya iya saye, sannan ranar 1 ga Mayu, 1940, gwamnatin Getúlio Vargas ta ayyana albashi mafi ƙanƙanta na farko a ƙasar. Har yau masu binciken ƙungiyoyin ƙwadago a Birazil da wannan kwandon abinci na 1938 suke auna ko albashi ya isa.

Yunwa ce, ba jini ba

A wancan zamani, da yawa daga cikin masu ilimin Birazil sun yi imani cewa koma-bayan ƙasarsu daga cakuɗuwar jinsi ne. Ƙasar ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta haramta bauta, a 1888, kuma miliyoyin jama'arta jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, ko waɗanda jininsu ya gauraya da na Turawa da na 'yan asalin ƙasar. Ana cewa waɗannan mutane malalata ne tun fil azal, kuma zafin ƙasar yana ƙara kashe musu jiki.

De Castro, wanda shi kansa jininsa gauraye ne, ya ƙaryata wannan a littafinsa mai suna Alimentação e Raça, wato Abinci da Jinsi, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930. Hujjarsa ita ce, abin da ake kira lalaci alama ce ta jikin da ba ya samun isasshen abinci, domin jiki yakan rage motsi don ya tsira da ɗan ƙarfin da ya samu. Ya kuma yi sa-in-sa da shahararren masanin zamantakewa Gilberto Freyre, ɗan garinsu, wanda ya rubuta a 1933 cewa bayin gandayen rake na cikin waɗanda suka fi kowa cin abinci a zamanin bauta. De Castro ya amsa cewa ubangiji yana cika cikin bawa ne da abin da zai sa ya ɗauki lauje, kamar yadda ake zuba wa inji mai, amma yawan abinci daban, ingancinsa daban.

A 1934 ya auri Glauce Rego Pinto, suka haifi 'ya'ya uku. A 1935 ya koma Rio de Janeiro, babban birnin ƙasar a lokacin, inda ya koyar da ilimin nazarin ɗan Adam, daga baya kuma ya riƙe kujerar farfesan labarin ƙasa a Jami'ar Birazil har zuwa 1964. A shekarun 1940 ya sa hannu wajen kafa hukumomi da dama na abinci, ciki har da wadda ta buɗe gidajen cin abinci masu rahusa ga ma'aikata, da wata mujallar bincike kan abinci mai gina jiki. A 1946 aka kafa Cibiyar Nazarin Abinci ta jami'ar, ya zama daraktanta. Ta wannan hanya ya buɗe wa matasa fagen karatu da bincike wanda a da babu shi a ƙasar.

Taswirar yunwa

A 1946 ya fitar da littafin da ya ɗaukaka sunansa, Geografia da Fome, wato Labarin Ƙasa na Yunwa. Tun a gabatarwarsa ya nuna mamakin yadda aka rubuta dubban littattafai a kan yaƙi da annoba, amma yunwa, wadda ta fi su kisa, ake kunyar ambatonta. A ganinsa wannan shiru ba haɗari ba ne. Masu mulki da masu cin ribar cinikin abinci tsakanin ƙasashe ba sa son a tono zancen, masu ilimi kuma suna ɗaukarsa ƙasƙantaccen batu.

Ya raba yunwa gida biyu. Akwai wadda ke zuwa kamar annoba lokacin fari ko yaƙi, ta kashe mutane a fili kowa na gani. Akwai kuma zaunanniya, wadda ya ce ta fi ɓarna domin a ɓoye take: mutum yana ci kullum, cikinsa yana cika, amma jikinsa ba ya samun sinadaran gina jiki da bitamin da ƙarfen jini da yake bukata. Ita ce ke fitowa da sunan ƙarancin jini, ko maƙoƙo, ko dundumi, ko tsumburewar yara, ita ce kuma ke share wa tarin fuka hanya.

Daga nan ya raba Birazil yankuna biyar bisa ga abin da mutane ke ci. Uku ya kira su yankunan yunwa, biyu kuma na ƙarancin abinci mai gina jiki. A yankin Amazon, inda garin rogo ne ginshiƙin abinci, ya nuna yadda haukar neman roba ta sa aka watsar da noma, aka koma dogaro da abincin gwangwani da busasshen kaya, har cutar kumburin ƙafafu da shanyewar jijiyoyi, wadda ƙarancin bitamin B1 ke haddasawa, ta yi ta kashe masu tatsar roba.

Darasin da ya fi ba mutane mamaki shi ne kwatancin da ya yi tsakanin yankuna biyu na arewa maso gabas. Bakin teku ƙasa ce mai albarka, ga ruwan sama wadatacce, amma a nan yunwa ta yi zaman dirshan. Dalili kuwa shi ne, tun ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka sare dajin, suka shimfiɗa rake don sayar da sukari a Turai. Filaye suka taru a hannun iyalai ƙalilan, aka hana ma'aikata shuka abin da za su ci don kada ya ci wurin rake. Har yara kan ci ƙasa saboda ƙarancin ƙarfe a jininsu. Sertão kuwa, wadda kowa ke wa kallon ƙasar wahala, ya gano cewa a shekarun da damina ta yi kyau mutanenta sun fi na bakin teku cin lafiyayyen abinci: masara da madara, naman awaki da shanu, wake da mazarƙwaila. Haɗin masara da madara yana cike giɓin da kowannensu ke da shi, kamar yadda fura da nono suke yi. Yunwarsu ta lokacin fari ce. Ko ita ma, ya ce farin ba ya zama kisa sai don talakan ba shi da fili nasa, ba shi da rumbun ajiya, ba shi da abin da zai sayar ya sayi hatsi.

Ma'anar wannan kwatanci a fili take: inda ƙasa ta fi albarka nan aka fi yunwa, saboda haka ba za a ɗora wa ƙasa ko sama laifin ba. Tambayoyin da suka dace su ne, wa ke da gonar, me ake shukawa a cikinta, don wa ake shukawa, kuma nawa ake biyan mai noman. Waɗannan su ne tambayoyin da masu nazarin zamantakewar noma da abinci suke yi har gobe. Hanyar da ya bi ma sabuwa ce, domin ya haɗa likitanci da labarin ƙasa da tarihi da tattalin arziki da ilimin zamantakewa a kan matsala ɗaya, a lokacin da kowane fanni yake tsare da iyakarsa.

Littafin ya sami lambar yabo daga Cibiyar Adabi ta Birazil. Da aka sake buga shi a 1960, lokacin da ƙasar ta duƙufa wajen gina masana'antu da sabon babban birni, ya ƙara masa wani ƙaramin take da ke tambaya ko burodi za a zaɓa ko ƙarfe. Ba adawa yake da masana'antu ba. Gargaɗinsa shi ne, ci gaban da ya bar noma da manomi a baya zai ƙara tsadar abinci a birane, ya kuma cika su da mayunwata.

Daga Birazil zuwa duniya

A 1951 ya fitar da Geopolítica da Fome, inda ya faɗaɗa binciken zuwa nahiyoyin duniya. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 20. A cikinsa ya danganta yunwar Asiya da Afirka da Kudancin Amurka da mulkin mallaka, wanda ya mayar da ƙasashe sukutum gonakin amfanin sayarwa waje, ya rushe tsarin noman abincin da jama'a suka gada.

Littafin raddi ne ga masu bin ra'ayin Thomas Malthus, malamin nan na Ingila da ya rubuta a 1798 cewa yawan jama'a yana gudu fiye da yawan abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan ra'ayi ya sake ƙarfi, musamman da littafin Ba'amurke William Vogt na 1948, wanda ya ɗora alhakin yunwa a kan yawan haihuwar talakawa. De Castro ya ce wannan ɗora wa wanda aka zalunta laifi ne, domin duniya tana da ƙasa da ilimin da za su ciyar da kowa, matsalar tana wajen rabo.

A nan ne kuma ya yi kuskuren da masu sukarsa suka riƙe. Ya yi iƙirarin cewa yunwa ce ke haddasa yawan haihuwa ta hanyar jiki, wato ƙarancin furotin yana ƙara wa mace saurin ɗaukar ciki. Ya kafa hujja da wani gwaji da aka yi a kan ɓeraye, da kuma jadawalin da ya nuna ƙasashen da ke cin furotin kaɗan sun fi haihuwa. Masana ba su karɓi wannan ba, binciken baya ma ya nuna cewa tsananin yunwa rage haihuwa yake yi. Abin da ya tabbata shi ne ɓangaren zamantakewa na maganarsa: inda talauci ya yi yawa kuma yara ke mutuwa, iyaye sukan yawaita haihuwa, inda rayuwa ta inganta kuwa haihuwa takan ragu da kanta.

A ƙarshen 1951 aka zaɓe shi shugaban majalisar gudanarwar FAO, wadda hedikwatarta ke birnin Roma, ya yi wa'adi biyu, shekara huɗu. Ya shiga da burin ganin an kafa rumbun ajiyar abinci na duniya, wanda za a riƙa tara rarar hatsin ƙasashe masu wadata a ciki don agaza wa masu bukata da daidaita farashi. Shugaban hukumar na farko, John Boyd Orr, ya kawo makamanciyar wannan shawara a 1946, Amurka da Birtaniya suka ƙi. Shi ma haka ta faru da shi. Ya bar kujerar yana bayyana takaicinsa a fili cewa manyan ƙasashe sun fi son hukumar ta tsaya ga ba da shawara da tattara alƙaluma. A 1957 ya haɗa kai da wasu, ciki har da limaman Kirista biyu na Faransa, Abbé Pierre da Louis-Joseph Lebret, suka kafa wata ƙungiyar duniya ta yaƙi da yunwa mai suna ASCOFAM. An sha gabatar da sunansa don lambar Nobel ta zaman lafiya, amma bai samu ba.

Siyasa da rabon filaye

Da yake ya gamsu cewa tushen yunwa yana cikin dokokin mallakar ƙasa, sai ya shiga siyasa. An zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta tarayya daga Pernambuco a 1954 a ƙarƙashin jam'iyyar ma'aikata ta PTB, aka sake zaɓensa a 1958 da ƙuri'u masu yawa. A majalisa ya yi fafutukar sake rabon filaye, ya gabatar da ƙudurin da zai ba gwamnati damar karɓar manyan gandayen da aka bari ba a nomawa saboda amfanin jama'a. Ya mara wa ƙungiyoyin ƙananan manoma baya, waɗanda suka fara daga wani gandun rake mai suna Galileia a 1955, lauya Francisco Julião kuma ya zama jagoransu.

A wannan tsakani ne ɗaya daga cikin tsofaffin burikansa ya cika. Hukumar abinci ta ƙasa da yake shugabanta ta tsara shirin ciyar da ɗalibai, kuma a 1955 gwamnatin tarayya ta kafa shi da doka. Shirin ya fara da tallafin madarar gari daga waje, a makarantu ƙalilan. A yau yana ciyar da yara kusan miliyan 40 a makarantun gwamnati, yana cikin mafiya girma a duniya.

Wannan fafutuka ta jawo masa maƙiya. Masu gandaye suna kiransa ɗan kwaminis, ko da yake bai taɓa shiga jam'iyyarsu ba. Zamanin kuwa na yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma bayan juyin juya halin Kyuba na 1959, duk mai maganar rabon filaye a Kudancin Amurka abin tuhuma ne.

Gudun hijira da rasuwarsa

A 1962 Shugaba João Goulart ya naɗa shi jakadan Birazil a hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Jeniba. Yana can sojoji suka hamɓarar da Goulart a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1964. Cikin kwanaki kaɗan suka fitar da jerin farko na mutanen da aka ƙwace wa 'yancin siyasa na tsawon shekara goma, sunansa na ciki. Aka tuɓe shi daga jakadanci, ya rasa kujerarsa ta jami'a. Ƙasashe da dama sun yi masa tayin mafaka, ya zaɓi Faransa.

A Faris ya shugabanci wata cibiyar nazarin ci gaban ƙasashe, ya kuma koyar a sabuwar jami'ar Vincennes da aka buɗe bayan boren ɗalibai na 1968. Bai daina rubutu ba. A 1965 ya fitar da littafi a kan rikicin filaye na arewa maso gabashin Birazil, wanda sunansa ke nufin taƙi bakwai na ƙasa da akwatin gawa. Sunan ya samo asali ne daga yadda ɗaya daga cikin bukatun farko na ƙungiyar manoman Galileia shi ne mamacinsu ya sami akwatin kansa, maimakon na aro da hukuma ke bayarwa a kai gawa bakin kabari a dawo da shi. Bayan haka ya rubuta ƙagaggen labarinsa ɗaya tilo, Homens e Caranguejos, wato Mutane da Ƙaguwa, inda ya koma lakar da ya tashi a gefenta. Lokacin taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Stockholm a 1972, ya tsaya a kan cewa babbar gurɓatar muhalli a ƙasashe matalauta ita ce talauci da koma-baya.

Duk da girmamawar da yake samu a Turai, kewar gida ta yi masa yawa, baƙin ciki ya kwantar da shi a shekarunsa na ƙarshe. Ya yi ta neman a sabunta masa fasfo ya koma Birazil, gwamnatin soja tana ja masa rai. Ya rasu a Faris ranar 24 ga Satumba, 1973, yana da shekara 65, saura 'yan watanni wa'adin shekara goman ya cika. Gawarsa ce ta koma gida, aka binne shi a maƙabartar São João Batista da ke Rio de Janeiro, ba tare da wata karramawa daga hukuma ba.

A shekarar da ya rasu, fari yana cin yankin Sahel, daga Senegal har Chadi, ya haɗa da Nijar da arewacin Nijeriya. Binciken da aka yi bayan wannan masifa ya bi sawun tambayoyin da ya yi shekaru kusan talatin kafin nan. A 1981 masanin tattalin arziki ɗan Indiya Amartya Sen ya nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali hatsi na kasuwa, idan mutum ya rasa abin saye. A 1983 Michael Watts ya wallafa nazarinsa a kan yunwa a arewacin Nijeriya, wanda ya gina a kan zaman da ya yi a ƙasar Katsina, inda ya bi diddigin yadda haraji da noman gyaɗa da bashi a zamanin Turawa suka raunana hanyoyin da manomi ke bi ya tsallake mugunyar shekara.

Abin da ya bari

Shekaru da yawa ba a cika ambaton sunansa a jami'o'in Birazil ba. Da mulkin soja ya ƙare a 1985, sai aka fara tono littattafansa. A 1993 masanin zamantakewa Herbert de Souza ya jagoranci wani gagarumin gangamin jama'a na yaƙi da yunwa. A shekarun nan ne kuma matasan mawaƙan Recife, ƙarƙashin Chico Science, suka ɗauki ƙaguwa da laka suka mayar da su tambarin kiɗansu, suna ambaton sunansa. A 2003 Shugaba Lula da Silva, wanda shi ma ɗan Pernambuco ne da talauci ya koro iyalinsa zuwa kudu yana yaro, ya ƙaddamar da shirin kawar da yunwa mai suna Fome Zero. Majalisar ba da shawara kan wadatar abinci ta ƙasa ta ɗauki De Castro a matsayin uban tafiyarta.

A 2009 aka yi dokar da ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin gona kai tsaye daga ƙananan manoma. Da haka tukunyar makaranta ta zama kasuwar manomin ƙauye, wato an ɗaure noma da abinci a igiya ɗaya kamar yadda ya nema. A 2010 aka sanya abinci cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a kundin tsarin mulki. A 2014 FAO ta cire Birazil daga taswirar ƙasashen da ke fama da yunwa. Bayan 'yan shekaru, da tattalin arziki ya taɓarɓare, aka rage kuɗin shirye-shiryen tallafi, annobar korona kuma ta zo, sai ƙasar ta sake komawa ciki. Wannan ma ya gaskata shi: abin da manufofin gwamnati suka kora, sakacin gwamnati yana iya dawo da shi.

Tsarin ciyar da ɗalibai daga amfanin gonar gida ya ƙetaro teku. Jami'an ƙasashen Afirka da dama sun je Birazil sun ga yadda ake gudanar da shi, kuma a 2016 Tarayyar Afirka ta keɓe ranar 1 ga Maris ta zama ranar ciyar da ɗalibai ta nahiyar, aka yi bikin farko a Yamai.

Cibiyar nazarin abinci da ya shugabanta a Rio de Janeiro tana nan, yanzu da sunansa ake kiranta, tana yaye ɗalibai da masu bincike. A Recife ma akwai cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa tun 1979. Aikin da ya fara da shi a 1932 bai bukaci wani babban ɗakin gwaji ba: shiga gida, tambayar abin da aka samu a wata, da abin da aka kashe a kasuwa, da abin da yara suka ci jiya. Duk inda albashi ke ƙarewa kafin wata ya raba, duk inda farashin mudu ke hana magidanci barci, wannan bincike yana jiran mai yin sa.